Liyafar Ranar Godiya a cikin kwali: abin da wani ɗakin girki a Landan ya kawo mana

Maƙwabciyata a Landan dattijuwa ce Ba'amurkiya, 'yar jihar Ohayo, wadda ta shafe fiye da shekara ashirin a Ingila ba tare da ta taɓa bari Ranar Godiya, wato bikin Thanksgiving da Amurkawa ke taruwa su ci gasasshen talotalo, ta wuce ba ta tara mutane a teburinta ba. Bana ciwon gwiwa ya hana ta tsayuwar girki, sai ta roƙe ni in taya ta yin odar abincin daga wani ɗakin girki da ke arewacin birnin, wanda a kowane watan Nuwamba yake haɗa liyafar gaba ɗaya ya kai wa mutane har gida. Ni na yi odar, ni na karɓi kayan a bakin ƙofa, kuma da ni aka ci, don haka abin da zan faɗa a nan ganau ne ba jiyau ba.

Akwai dalilin da ya sa irin wannan sana'a take samun kasuwa. A Amurka ranar hutu ce ta ƙasa tun daga shelar da Shugaba Abraham Lincoln ya yi a 1863, kuma a 1941 majalisar dokoki ta tsayar da ita a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba. A Ingila kuwa Alhamis ce kamar kowace, mutum zai tafi aiki ya dawo da duhu, in ban da addu'ar da ake shirya wa Amurkawa da safe a babbar majami'ar St Paul's. Manoman ƙasar kan kiwata talotalo ne domin Kirsimeti, saboda haka samun babba wanda ba daskararre ba a ƙarshen Nuwamba sai an yi odarsa da wuri. Daskararren kuma yana bukatar kusan kwana guda a firji ga kowane kilo biyu kafin ya saki. Ko an samu, faɗin obin ɗin yawancin gidajen Ingila santimita 60 ne, na Amurka kuwa ya kai 76, ga shi akwai abinci huɗu ko biyar da ke jiran shiga wuta a lokaci ɗaya.

Wajen yin oda ban sha wata wahala ba, kuma a nan suka fara burge ni. Da na tambaya ko akwai talotalon da aka yanka bisa ƙa'idar Musulunci, matar da ta ɗauki waya ta ce akwai, muddin an nema mako biyu kafin ranar. Ita da kanta ta ja hankalina, ba tare da na tambaya ba, cewa haɗin burodin da ake ci da naman yakan zo da tsiran alade, romon kuma wasu kan zuba masa giya, ta ce za su yi mana namu dabam su rubuta a jikin mazubi. Haka kuwa aka yi. Mun biya fam 38 a kan kowane mutum, mu takwas, ban da kuɗin kawowa, kuma motar ta iso da ƙarfe biyu na rana kamar yadda aka yi alkawari.

Talotalon ya zo a gashe, an raba ƙirji da cinyoyi, kowanne a mazubinsa da ɗan romo a ƙasa. Da farko dattijuwar ba ta ji daɗin hakan ba, domin a gidansu an saba a kawo tsuntsun ɗungurungum a tsakiyar tebur, maigida ya miƙe ya yanka. Amma a ganina masu girkin sun yi dabara. Ƙirjin talotalo ba shi da kitse, yakan bushe da zarar ya wuce maki 74 na ma'aunin Salshiyos da ake bukata don ya nuna, cinya kuwa tana son wuta fiye da haka, shi ya sa mai gasa shi a haɗe yakan rasa ɗaya. Da na sa wuƙa a ƙirjin bayan an ɗumama, ruwa ya biyo bakin wuƙar, naman ya yanku sala-sala bai marmashe ba, gishirin kuma ya ratsa har ciki, alamar an jiƙa shi a ruwan gishiri tun daren jiya.

Inda na fi tsayawa na lura shi ne sauran abincin da ke kewaye da naman, domin su ne suka fi motsa zukatan Amurkawan da ke teburin. Koren waken da aka gasa cikin miyar naman kaza, wato laimar kwaɗi, aka barbaɗa masa soyayyar albasa, girki ne da ya fito daga ɗakin gwajin Campbell's, kamfanin miyar gwangwani na Amurka, a 1955, kuma babu wata gwaninta a cikinsa. Masu girkin sun bar shi yadda yake, kuma shi ne mazubin da ya fara ƙarewa. Haka ma fanken kabewa, wato gasasshen kayan zaƙin da ake ci bayan abinci, wanda suka yi da kabewar gwangwani irin wadda ake sarrafawa a jihar Ilinoi, da kirfa da citta da kanumfari daidai gwargwado. Dattijuwar ta kai cokali ɗaya baki ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce mana wannan shi ne ɗanɗanon na mahaifiyarta, ta shiga ba mu labarin ɗakin girkinsu.

Kuskurensu ya zo ne a wurin da suka so su nuna ƙwarewa. Miyar kiranberi, wato wani ƙaramin jan ɗan itace mai tsami da aka fi nomawa a jihohin Wiskonsin da Masacusets, sun dafa ta da ɓawon lemo da kayan ƙamshi har tsaminta ya ɓace. A bakina ta yi daɗi, amma mutum uku daga cikin Amurkawa biyar da ke wurin suka ɗanɗana suka ajiye, domin abin da suka tashi da shi shi ne ta gwangwani, wadda ake zazzagewa ta fito a sandare da shatin gwangwanin a jikinta, a yanka ta fale-fale. A nan na fahimci cewa wanda ke nesa da gida ba abinci mafi tsada ko mafi ƙayatarwa yake saye a wannan rana ba, ɗanɗanon da ya sani tun yana yaro yake nema, kuma duk gyaran da aka yi masa ragi ne a wurinsa. Da sun sa gwangwani ɗaya a cikin kwalin kusa da tasu, da kowa ya samu abin da yake so.

Akwai wasu ƙorafe-ƙorafe biyu. Romon bai ishi mutum takwas ba, ya ƙare tun kafin a zagayo na biyu, alhali da shi ake cin naman da dakakken dankalin turawa da haɗin burodin. Takardar bayanin ɗumamawa kuma ta ba kowane mazubi zafinsa da lokacinsa ba tare da ta faɗi wanda za a fara sawa ba, sai da na zauna da biro na tsara su, duk da haka dankalin Hausa ya huce kafin naman ya fito. Kamfanin da ya san ƙanƙantar obin ɗin gidajen Landan ya kamata ya yi wa abokan cinikinsa wannan lissafi.

Abincin ya wadata har ya yi saura, wanda a al'adar bikin wani ɓangare ne na jin daɗinsa, domin washegari da ragowar naman ake cin burodi. Ga mai lafiya da lokaci da babban obin, girkin gida zai fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Ga tsofaffi da ɗalibai da ma'aikatan da ba su da hutu a ranar, ina ba da shawarar wannan hidima ba tare da wani ɗar ba, da sharaɗin su yi oda tun farkon Nuwamba, su nemi ƙarin romo, su kuma sayi miyar kiranberi ta gwangwani da kansu. Dattijuwar ta riga ta ce in sake yi mata odar baɗi, amma a tambaye su ko za su yarda su kawo talotalon ɗungurungum.