Bulon dalma na daidaita jirgin ruwa mai filafilai: yana aiki, amma kada a fara da shi

Jirgin da aka yi wa ƙari da wuya ya zauna a ruwa yadda maƙerinsa ya zana. A ɗora masa farantin sola a baya, a rataya ƙaramin kwalekwale da injinsa, sai ka ga gindi ya nutse, goshi ya ɗaga. Gindin yana jan ruwa, gudu ya ragu, bututun hayaƙi ma wani lokaci ya shige ƙarƙashin ruwa. Don maganin wannan ake sayar da bulon dalma mai rufin roba, kuma kan masu kilo 10 muke magana a nan.

Babban alfanunsa shi ne ƙanƙanta. Dalma ta ninka ruwa nauyi sau 11.3, ƙarfe kusan sau 7.8, kankare sau 2.4 kawai. Bulo ɗaya bai cika lita guda ba, alhali kankare mai nauyinsa zai ci lita huɗu. Saboda haka yana shiga lungun ƙasan daɓen jirgi, can ƙasa inda ake son nauyi ya kwanta. Rufin robar kuma ba ado ba ne: yana hana hannu taɓa dalmar, wadda guba ce, yana kuma raba dalmar da jikin jirgi. A jirgin alminiyam wannan wajibi ne, domin in dalma ta haɗu da alminiyam cikin ruwan gishiri, alminiyam ɗin ne zai lalace.

Matsalar ita ce mutane suna saye kafin su yi lissafi. Abin da ke aiki shi ne nauyi sau nisa, ana aunawa daga wurin da jirgi ke reto a kai, wanda galibi yana ɗan bayan tsakiya. Kaya mai kilo 60 a nisan mita 5 ta baya ya ba da 300. In za a ajiye dalmar mita 2 ta gaba, sai an zuba kilo 150, bulo goma sha biyar ke nan. A mita 4, kilo 75 ya isa, sai dai nauyi a can ƙurya yana sa jirgi sukuwa, goshi na sara cikin igiyar ruwa yana tashi. Wannan ya fi nutsewar gindi cin rai.

Shi ya sa matsar da kayan da ke ciki ya fi ƙara sabo. Batura biyu masu kilo 30 kowanne, in aka matso da su gaba mita 2.5, rabin matsalar ta tafi ba tare da an ƙara ko kilo ɗaya ba. A duba sarƙar anka ma, ita ma nauyi ce da za a iya matsarwa: mai kaurin milimita 10 ta haura kilo 2 a kowace mita. Wanda ya sauya batirin dalma da na litiyam kuwa ya sani ya cire fiye da rabin nauyin wurin, kuma jirgin zai iya karkata gefe guda.

Kafin saye, a gwada da jarkoki masu lita 20 cike da ruwa. A ranar da ruwa ya kwanta, tankuna rabi, kowa ya sauka, a auna tsayin jirgi daga ruwa a goshi da gindi, dama da hagu. A riƙa matsar da jarkokin har layin fentin da ke jikin jirgi ya daidaita da saman ruwa, sannan a fita da filafilai a ji sitiyari. In goshi ya nutse da yawa, jirgin zai riƙa neman juyawa ya fuskanci iska.

Inda bulon ya gaza shi ne wajen ɗauri. Bulo marar ramin kusa ba shi da abin kamawa, robar kuma santsi gare ta. Belin roba bai isa ba, domin in jirgi ya kwanta a gefensa, kilo 10 da ya kuɓuce zai fasa katako ko ƙafar mutum. A saka shi cikin akwati, a danne da sandar ƙarfe da bol da noti, ko a lulluɓe shi da faiba, wato zaren gilashi da gam. Kada a huda shi ko a yanka a cikin jirgi, ƙurar guba ce. A kuma bar hanyar da ruwan ƙasan jirgi ke bi zuwa famfo a buɗe.