Famfon gwaji ko rini mai fitila: amsa ga mai DAF ɗin da ke shan ruwa

Alhaji, wannan DAF ɗin taka da ke shanye galan guda tsakanin Kano da Kaduna, kuma ba ɗigo a ƙasa, famfon gwajin lagireto, wato famfon hannu mai agogo da ake buga wa tankin ruwa iska da shi don gano yoyo, za ka saya mata, ka bar zancen rinin nan da ake zubawa a ruwan lagireto a haska da fitila don a ga inda yake yoyo. Duka biyun na zuba musu kuɗi. Famfon yana bayan kujerar direba har gobe, rinin kuwa ban ma san inda yaran mota suka jefa shi ba.

Tawa motar ta taɓa yi mini irin wannan wasan a hanyar Lokoja. Duk inda muka tsaya sai yaro ya ɗauko jarka. Bakanike na farko bai ko sunkuya ba ya ce tof gaskit ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, a sauke kan inji. Har na fara lissafin kwanakin da mota za ta yi a gareji da lodin mutane a bayanta, sai wani dattijon bakanike ya ce mu bari ta kwana ta huce. Da asuba ya ɗaura famfonsa a bakin tankin ruwa, ya buga iska, ya ce kowa ya yi shiru. Ba a yi minti biyu ba muka ji tsiiii, siririn ruwa kamar zare yana fita ta gindin wani tiyo da kilif ya ci, yana sauka daidai kan bakin salansa. In inji ya yi zafi, kafin ɗigon ya kai ƙasa ya ƙone, shi ya sa ƙarƙashin mota kullum a bushe. Tiyo ɗaya da kilif biyu, magana ta ƙare. A satin na sayi nawa.

Aikinsa ba wuya. Inji ya zama a sanyaye, kada ka kuskura ka buɗe murfi da zafi, na ga hannun da ruwan lagireto ya saɓule wa fata. Ka cika ruwa, ka duba lambar da ke jikin murfin, ka buga iska zuwa nan ka tsaya. In an rubuta bar 1, wato ma'aunin ƙarfin iskar ke nan, kada ka wuce, don ƙarin iska kan fasa tsohon lagireto da hannunka. Sai ka zuba wa allurar agogon ido kamar minti 15. In tana sauka, ɗauki tocila ka bi bakin kowane tiyo, ɗinkin lagireto, ƙaramar hudar da ke ƙarƙashin wata-famfo (famfon da ke zagaya ruwa a inji), da tiyon hita da ke shiga cikin kan mota. Murfin ma ka gwada shi. Ruwan da ke danne da bar 1 sai ya kai wajen digiri 120 yake tafasa, murfin da ya saki kuwa tun a 100 zai fara amai ta tiyon rara, kai kana can kana zargin inji.

Inda famfon ya fi biyana shi ne in allura na sauka amma waje a bushe. To ta cikin inji ruwan yake bi. Zaro sandar baƙin mai, in ya koma kalar shayi da madara, ka tuhumi oyil kula, mai sanyaya baƙin mai, ko robobin silif, wato hannun rigar silinda. A sauke kwanon mai na ƙasa, a bar iskar a ciki, za ka ga silindar da ke ɗiga da idonka. In kuma tanki na kumfa mota na aiki, kafin a taɓa kan inji a duba kwamfiresar iskar birki, don ita ma ruwa ke sanyaya ta, kuma gaskit ɗinta kan tura iska cikin ruwa har a rantse tof gaskit ne.

Rinin kuwa, ban ce ba ya aiki ba. Yakan kama tsagar da sai ƙarfe ya yi zafi take buɗewa. Amma sai ka wanke inji, ka yi tafiya, ka jira duhu, kuma in yoyon na ciki ne ka yi asarar kwalba.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu shago. Akwai mai miƙo maka akwatin famfon gwaji na ƙananan motoci ya rantse yana shiga kowace mota, ka je gida ba bakin da ya zauna a tankin tirela. Tafi da murfinka a aljihu a gwada a gabanka. Ka toshe bakin famfon da babban yatsa ka buga, in allura ta dawo da kanta ajiye musu kayansu. Haka masu sayar da hodar toshe yoyo, da masu cewa ka fasa ƙwai ko ka zuba barkono: yau ruwa ya tsaya, wata mai zuwa hanyoyin lagireto sun toshe mota na zafi a kan hawa. Har ruwan rijiya ake rina wa kala a ɗura a jarka a ce kulan ne, ruwan sanyaya inji na kamfani.

Ka gwada gobe da sassafe kafin a tayar da ita, sannan ka faɗa mana inda allura ta tsaya bayan minti 15.