Ƙasusuwan Sugar Land: a kwashe su ko a bar su a wurinsu?

A 2018, wajen haƙa harsashin makaranta a Sugar Land, jihar Texas ta Amurka, aka tono ƙasusuwan mutum 95. Fursunoni ne baƙaƙen fata da hukuma ta bayar haya ga masu gonakin rake bayan haramta bauta a 1865.

Wasu suka ce a kai su makabartar Old Imperial Farm da ke kusa, wadda ake kula da ita, aikin ginin ya ci gaba ba tsaiko.

Wasu suka ce a mayar da su inda aka tono su, ni ma nan nake. Ƙasar da suka yi wa wahala har mutuwa, aka binne su ba suna ba alama, ita ce shaidar zaluncin. Kwashe su share shaida ne. A 2019 aka sake binne su a wurin.