Makaniken da ya duba min mota a Jos kafin in biya: kuɗina bai tafi a banza ba

Watan jiya saura kaɗan in sayi wahala da kuɗina. Wani dillali ta wajen Bauchi Road ya nuna min Camry Muscle baƙa, sai sheƙi take, ya ce 2010 ce, beljiyam, "Alhaji ko noti ɗaya ba a taɓa kwance mata ba". Ni kuma ido ya riga ya rufe, har na fara lissafin la'ada. Yayana ne ya ce kar in kuskura in tura ko kwabo sai na ɗauki wani makanike a Farin Gada mai duba mota da kwamfuta, to aikinsa nake so in yi magana a kai.

Abu na farko da ya burge ni, sharaɗin da ya gindaya. Ya ce da sassafe za mu je kuma a gaya wa dillali kar kowa ya tayar da ita, don sanyin Jos da kansa makanike ne, injin da ya gaji ba ya iya ɓoyewa da safe. Muna isa bai ma gaisa da kyau ba ya ɗora hannu a bonet, ɗumi! An riga an tayar. Ya kalle ni kawai ya yi murmushi.

Daga nan ya leƙa lambar chasis ta ƙasan gilashin gaba, guda 17 ce, ya ƙirga zuwa ta 10 ya ce min "Yallaɓai wannan 7 ce, da 2010 ce A za ka gani". Wato 2007 ce aka canja mata fitilu da bamba ta koma sabon yayi, injin ma 2.4 ne wanda aka san shi da shan baƙin mai. Ya sa na murɗa makulli ba tare da na tayar ba, duk fitilun dashbod suka kawo banda ta injin, an cire ta kenan, yana jona kwamfutarsa kuwa matsaloli suka fara zubowa. Ya kwanta a ƙasa ya duba salansa, indomi, wato abin tace hayaƙi da ke ciki, babu, an fafe an yi walda. Ya bi ƙofofi da ɗan maganaɗisu, ƙofar baya ta dama ya ƙi kamawa saboda fila, wato abin cike lotsewar jikin mota, da aka cika. Da aka taka totur kuma ga shuɗin hayaƙi. Dillali sai rantsuwa yake wai shi ma haka aka kawo masa, oho dai.

Dubu 15 makaniken ya karɓa, kuma ni na biya shi ba mai mota ba, wannan ka riƙe da kyau, in dillali ya ce ga makanikensa a duba maka kyauta ka ce ka gode.

Amma fa yana da nasa. Waya sai ka kira sau biyar kafin ya ɗaga, kuma ba ya rubuta komai, da baki yake zayyanowa, sai da na riƙa ɗauka a wayata. Sannan muna barin wajen ya fara min tallan wata Honda ta abokinsa, nan na ɗan ja baya gaskiya. Harkar takardu ma ba ruwansa, wannan da ƙafarka za ka yi: ka kai takardar kwastam ofishinsu a tabbatar an biya duti kuma lambar chasis ɗin ta yi daidai da ta jikin motar, musamman da yake a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa amma 'yan Kwatano ba su daina shigowa ba.

Bayan sati biyu na sake kiransa kan wata Corolla 2008 ta hannu, wani ma'aikaci a Rayfield ke sayarwa. Fentin ya koɗe, kujerar direba a yage, amma muka hau hanyar Lamingo da AC a kunne giya na shiga lafiya lau, allurar zafi ba ta motsa ba. Shokozoba biyu na gaba ya ce a canja, da wannan na samu aka rage min kuɗi. Ita nake hawa yanzu, saura canjin suna a takardu, shi ma na sa ranar Litinin in Allah ya kai mu.