Mai yawan gumi a bazarar Maraɗi: me ya cancanci kuɗinka, me zai ƙone maka fata

Daga tsakiyar Maris har saukar ruwan farko, kowa a Maraɗi gumi yake yi. A Afrilu da Mayu zafin rana kan haura digiri 40, da dare ma ɗaki ba ya kwantuwa sai an fito da tabarma tsakar gida. Amma akwai mu da guminmu ya wuce na jama'a: tafin hannu na ɗiga ko da hunturu, hammata ta jiƙa riga kafin mutum ya kai bakin titi, ƙafa na santsi cikin takalmi. Ni tela ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe farar shaddar mutane da jiƙaƙƙen hannu ya san irin fargabar da nake nufi. Mu ne kuma ƴan kasuwa suka fi samu, don wanda ya gaji da goge hannu a jikin riga kafin ya miƙa a gaisa bayan sallah, duk abin da aka ce masa magani ne zai saya.

Kafin ka fitar da ko dala, duba irin gumin naka. Wanda ya faro tun ƙuruciya ko lokacin balaga, yake zuwa a hannu biyu ko hammata biyu daidai, yake tsayawa idan ka yi barci, kuma sau da yawa akwai wani mai irinsa a dangi, wannan shi ne wanda kayan shafawa ke yi wa aiki. Wanda kuwa ya zo daga baya, yake jiƙa jiki duka, musamman cikin dare har shimfiɗa ta jiƙe, ga rama ko tari ko zazzaɓi ko bugun zuciya, wannan ba na kasuwa ba ne. Tarin fuka na kawo shi, ciwon maƙoƙo na kawo shi, faɗuwar sukari ga mai ciwon sukari na kawo shi, haka ma ɗaukewar al'ada ga mata. Mai irin wannan ya nufi asibiti a auna shi.

Ma'aunina biyu ne. Na farko, abin ya tsayar da gumi a wurin da ya dame ka kawai, ya bar sauran jiki ya yi aikinsa. Jikin mutum na da ƙofofin gumi tsakanin miliyan 2 zuwa 4, kuma bushewar wannan gumin a kan fata ita ke sanyaya mu. A garin da ke kai digiri 40, wanda ya rufe su duka ya sa kansa cikin haɗari. Na biyu, kada ya ƙone fata. A kan wannan na biyun ba na sassauci, zan faɗi dalili a gaba.

Abin da na fi yarda da shi, kuma nake tura duk wanda ya tambaye ni ya nema, shi ne ruwan shafawa na farmasi mai sinadarin da ake rubutawa chlorure d'aluminium a kwali. Sunayen da aka fi sani su ne Etiaxil, wanda ya fi yawa a farmasin ƙasashen da ke amfani da Faransanci, sai Driclor da Perspirex da Odaban. Driclor ƙarfinsa kashi 20 cikin ɗari ne. Kwalbar ƙarama ce, ba ta da ƙamshi, kuma wanda bai sani ba zai ce an cuce shi idan ya ji kuɗinta. Aikinsa shi ne ya shiga bakin ƙofofin gumi ya toshe su daga ciki, toshewar kuma ta kwana da kwanaki, wanka ba ya cire ta. Don haka ba kullum ake shafa shi ba. Ana farawa da dare biyu ko uku a jere, idan gumin ya lafa sai a koma sau ɗaya ko biyu a mako. Da wannan lissafin, kwalba ɗaya ta fi tarin turaren fesawa arha.

Sai dai yana da sharuɗɗa, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗuwa su ce ba ya aiki. Da dare ake shafa shi, lokacin da ƙofofin gumi suka huta, a kan fatar da ta bushe ƙayau. Idan ya haɗu da ruwa ko gumi a kan fata, sai ya rikiɗe ya zama mai ci, ya yi ta zugi da ƙaiƙayi. To a daren Afrilu a Maraɗi, ga kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ina mai yawan gumi zai samu busasshiyar hammata? Ga yadda nake yi. In yi wanka bayan isha'i, in zauna waje ba riga har jiki ya huce sosai, in goge da busasshen tawul, in sa maficin hannu ko ƴar fanka mai caji a wurin na ɗan lokaci, sannan in shafa siriri, in bar hannu a ɗage har ya bushe. Da asuba in wanke shi da ruwa da sabulu kafin alwala. Idan daren ya yi nauyi har gumi ya ƙi tsayawa, gara a haƙura a jira wani daren. Mafi alheri ma a fara tun Janairu ko Fabrairu, lokacin da dare ke da sanyi, ta yadda bazara za ta same ka kana kan shafawar mako-mako. Kada a shafa a ranar da aka yi aski a hammata, a bari kwana ɗaya ko biyu su wuce. Masu askin Juma'a su mayar da shafawarsu daren Lahadi ko Litinin. Kada a sa shi kan rauni ko ƙurajen zafi. Kuma a kwana da tsohuwar singileti, don yana cin yadi yana canza masa launi.

Na hannu da na ƙafa akwai nasu daban, don fatar tafin hannu ta fi kauri, aikinsa a can ya fi jinkiri. Mai fata mai laushi ya nemi wanda aka rubuta peau sensible a kwalinsa. Masu cewa toshe gumin hammata zai mayar da zafi cikin jiki su kwantar da hankali, hammata ɗan ƙaramin wuri ce, baya da ƙirji da goshi na nan suna aikinsu. Zancen da ke yawo cewa yana kawo ciwon daji na nono, bincike bai tabbatar da shi ba. Mai ciwon ƙoda da mai juna biyu dai su tambayi likita tukuna.

Sauran kuwa ba sa buƙatar dogon bayani. Turaren fesawa da roll-on da aka rubuta déodorant kawai, wari suke rufewa, gumi na nan. Wanda aka rubuta anti-transpirant na kanti ya isa ga mai gumi na yau da kullum, ga irinmu kuwa kafin azahar ya sallama. Alimun na rage warin hammata, yana da arha, ba na raina shi, amma ba ya tsayar da ɗiga. Hoda takan cure ta zama laka a matse-matsin jiki. Lemun tsami da kanwa ko toka, ku bar shi, ruwan lemu a fata idan rana ta buga yana barin baƙin tabo. Na'urar da ake tsoma hannu a ruwa mai ɗan ƙaramin lantarki tana aiki ga hannu da ƙafa, amma sai an yi odarta daga waje, kuma kada wani mai gyaran rediyo ya ce zai haɗa maka irinta. Allurar Botox tana tsayar da gumi na wasu watanni ne a sake biya. Tiyatar yanke jijiya ba ta da komowa, kuma da yawa daga waɗanda aka yi wa gumin kan koma musu baya da ciki da cinya.

Ƙwayoyin sha ne nake so in ja kunne a kansu. Akwai irin su oxybutynine, wanda asalinsa maganin mafitsara ne, likita kan ba wa mai yawan gumi a ƙaramin awo. Yana rage gumi a jiki duka, yana busar da baki, yana kawo taurin bayan gida da dishi-dishin ido, wani ma fitsari ya riƙe masa. Ka ɗauki ɗan kabu-kabu ko mai dako a babbar kasuwa, ya sha wannan a watan Afrilu, wataƙila ma da azumi a bakinsa: jikinsa zai yi ta ɗaukar zafi ba hanyar fitarwa. Ba mu manta bazarar 2024 ba, lokacin da garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5 a farkon Afrilu, mutane suka yi ta faɗuwa a yankin Sahel. Duk wanda jikinsa ya yi zafi ƙwarai ya fara sambatu ko ya ruɗe, a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa, a yi masa fifita, a garzaya asibiti. Wannan ƙwaya ba ta farantin mai talla ba ce.

Yanzu ga abin da ya sa na tsananta. Wani mai tebur ya taɓa sayar mini da kwalba mai suna da kwali irin na farmasi sak, ya rantse cewa kayan waje ne da suka shigo ta bayan fage, shi ya sa suka yi sauƙi. Na bi duk sharuɗɗan da na faɗa a sama. Kafin tsakar dare hammatata ta ɗauki wuta, da safe fatar ta yi jajir ta tashi, daga baya ta saɓule ta bar baƙin tabon da har yau yana nan. Na yi kwanaki ba na iya sauke hannu in ja keke yadda ya kamata, ga ɗinkin mutane a jibge. Allah kaɗai ya san abin da aka zuba a kwalbar nan. Na gaskiya yakan yi ɗan zugi a daren farko, amma ba ya saɓule fata haka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na kayan magani a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marar inganci. Mu kuma da muke bakin iyaka, kaya na shigowa ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, masu kyau da marasa kyau a mota ɗaya. Don haka ka saya a farmasi mai lasisi, ka karɓi rasit. Ka buɗe kwalin a gabansu, ka duba lambar rukuni da ranar lalacewa da ke jikin kwalba ko sun yi daidai da na kwali. Ka shafa yatsa a kan rubutun; idan tawadar ta goge, ko an manna wata takarda a kan kwanan wata, mayar musu. Ka duba takardar bayani a ciki, da murfin ko an taɓa buɗe shi. Idan kayan Najeriya ne za ka ga lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta can, amma masu jabu ma sun iya buga ta, kada ita kaɗai ta kwantar maka da hankali. Kwalbar da ta yini a rana kan tebur, ko ta gaskiya ce, ni ba na ɗaukarta.

Ka guji mai ɗura maka a ƴar kwalbar da ba suna, wai ya raba babba ne don sauƙi. Ka guji masu WhatsApp da TikTok da ke tallan haɗin da zai raba ka da gumi har abada. Babu abin shafawa da ke yin haka, kuma alƙawarin kansa ya isa shaida. Ƴan'uwa mata, ku yi hattara da haɗin da aka ce yana tsayar da gumi yana kuma haska hammata. Irin waɗannan mayukan sau da yawa akwai sinadarin bilicin a ciki, mai sirantar da fata, ta yadda ko na gaskiyar kika shafa daga baya zai ci ki. Duk sabuwar kwalba, ko daga farmasi take, a fara gwada ɗigo a cikin damtse a kwana a gani.

Tufafi ma saye ne, kuma nan fagena ne. Auduga zalla, sakakken ɗinki, da farar singiletin auduga a ciki wadda za a iya canzawa da azahar. Shaddar da ta sha sitati da bugu kyau gare ta a taro, amma iska ba ta ratsa ta sai an wanke ta ta saki. Yadin roba kuwa kamar ka shiga leda ne, kuma shi ma ana sayar da shi da sunan auduga. Ka roƙi mai shago ɗan zare daga gefen yadin ka kusanta masa ashana: auduga na ci ta zama toka mai laushi da warin takarda, roba na narkewa ta dunƙule ta yi tauri. Fari da baƙi da atamfa mai yawan zane na ɓoye jiƙa, ruwan toka da shuɗi mai haske su ke tona ta. Ga mai gumin ƙafa, buɗaɗɗen takalmin fata na dukawanmu ya fi na roba nesa ba kusa ba, a samu ƙafa biyu ana hutar da ɗaya ta bushe.

Mai yawan gumi ya fi kowa zubar da ruwa da gishiri, kuma rage shan ruwa ba ya rage gumi, sai dai ya kawo jiri da ciwon kai. Ranar da ka yini a rana har ƙafa ta fara ɗaurewa, ka karɓi ƙunshin SRO, wato garin gishiri da sukari, a farmasi ka kaɗa a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan babu, a lita ɗaya a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya tambayi likitansa kafin ya mayar da shi abin sha na kullum.