Kwana biyu a ɗakin laka a bakin fadamar Argungu

Ƙanena da ke karatun zanen gine-gine ne ya taɓa nuna min hoton wani otal a garin Elciego na ƙasar Sifaniya, a tsakiyar gonar inabin kamfanin giya na Marqués de Riscal. Frank Gehry ne ya zana shi, aka buɗe a 2006, rufinsa falle-fallen ƙarfe ne a lanƙwashe kamar mayafin da iska ta ɗebe. Mu da giya babu haɗi, amma abin da ya tsaya min a rai shi ne, mutane na biyan kuɗin jirgi musamman don su ga gini a cikin gona. Na ce, mu da Allah ya ba shinkafa da kogi da magina, me ya hana mu?

Shi ya sa da na ji wani manomi ya gina masaukin baƙi da laka a gefen gonarsa ta shinkafa, bayan garin Argungu, na ɗauki uwargida muka kamo hanya daga Birnin Kebbi. Tsakiyar Afrilu ce, lokacin da ko inuwa ba ta da daɗi.

Ta zaure ake shiga, ga dakali an shimfiɗa tabarma, ga randa a lungu da moɗa a kai. Ina sa ƙafa a ɗakinmu na ji sanyi ya dake ni, alhali babu wuta, fanka ma a tsaye take. Dattijon da ya yi ginin yana nan, sai ya kama hannuna ya ɗora a bango, ya ce, "Ɗana, taɓa ka jiya." Tubali ne, kaurinsa ya haura kamu guda. Yini yake yana shan rana, sai dare ya raba yake sakin ɗumin. Sama kuma ɗaurin guga ne, wato bakan gizo huɗu na laka sun haɗu a tsakiya inda aka kafa tasa, azarar giginya a jere tsakaninsu. Na fi rabin awa a kwance ina kallon rufin nan. Daga waje an shafe bangon da makuba, shafen da ake haɗawa da ɓawon 'ya'yan ɗorawa, zankwaye a tsaye a kusurwa, indararo ya miƙo nesa da jikin gini don kada ruwa ya ci gindinsa. Rabona da ganin irin wannan aiki tun ziyarata gidan tarihin Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi.

Abincin ma na gonar ne: tuwon shinkafa da miyar kifi, da fura mai sanyi da rana.

Abu biyu ne suka sosa min rai. An yaɓa wa bangon gabas siminti, ga shi har ya fara darewa, domin siminti ba ya zama lafiya a kan laka. Sannan masauki a bakin fadama, amma babu gidan sauro ko ɗaya! Daren farko uwargida ba ta runtsa ba. Da safe na yi wa mai wurin magana, ya ba da haƙuri, kafin azahar an kawo an ɗaura.

Kuɗin bai wuce na matsakaicin otal a Birnin Kebbi ba. Na riga na ce ya ajiye mana ɗakin ɗaurin gugan nan idan bikin kamun kifi ya zagayo, kuma na roƙe shi ya bari dattijon ya kankare simintin kafin damina.