Famasin unguwarmu mai tsada, da maganar wai magani baya ekspaya

Mutane da yawa a unguwarmu suna kuka da famasin nan na bakin babban titi wai tsada gare su, kuma gaskiya ne suna da tsada, ba kare su na zo yi ba. Amma ni can nake sayen maganin hawan jinin Hajiyarmu da insulin ɗinta, kuma dalilina ya haɗu da wata magana da naga ana ta turawa a waya kwanakin nan, wai kwanan watan da ake bugawa a jikin magani wayon kamfanoni ne kawai don ka zubar ka sake saye, wai magani baya lalacewa. Sunan wajen ba zan kama ba kar ace biyana akai, kuma ma ba sunan ne mai amfani ba, abubuwan da suke yi ne nake so mutum ya dinga dubawa a duk inda yake sayen magani.

Kana tura ƙofa sanyi ne zai fara tarbarka. Ba fanka ba, AC ce kuma akan sola take, ko NEPA sun ɗauke bata mutuwa, sannan akwai ɗan ma'aunin zafi maƙale a bango inda kowa zai gani. Firjin da suke ajiye insulin da allurai shima da nashi ma'aunin, da wata takarda manne a ƙofarsa da yaran shagon ke rubuta lamba safe da yamma. Ni da farko ban ma kula da takardar ba sai da naga yarinyar ta bar ni a tsaye ta je ta cike ta tukunna ta dawo. Ba lemo a cikin firjin, ba fiya wata, ba kular abincin ma'aikata, magani ne zalla. In ka sayi insulin kuma sai sun haɗo maka da ƙanƙara a leda, su naɗe kwalbar da takarda don kar ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye, domin insulin in ya daskare shima ya tashi aiki kamar yadda zafi ke kashe shi.

Abinda ya fi burge ni shine wani kanta ɗaya a gefe da suke ware duk maganin da ya kusa cika wa'adi, da jan sitika a jikin kowane kwali. Basa ɓoyewa, farashinsa ma ƙasa yake da na sauran, in maganin kwana uku ko biyar ne zaka sha ka gama sai su ce maka ga wannan mai sauƙi amma saura wata biyu ya ƙare, ka zaɓa. Ni kuma da naga amlodipine, maganin hawan jinin Hajiya, a wajen sai nace a bani na wata uku tunda da rangwame, mai famasin ya ɗaga kwalin ya duba yace, Malam wannan saura wata ɗaya, Hajiya ba zata shanye ba, ɗauki kati ɗaya a nan sauran in baka sabon shigowa. Kuɗi ne fa a hannuna na miƙa, kayan da yake neman rabuwa da su ne, amma ya ƙi. A nan ne ya nuna min cewa in an rubuta EXP, wato ranar ƙarewa, da wata da shekara kawai ba rana, to har ƙarshen watan ake nufi, kuma wai da yawa suna rikita MFG, wato ranar haɗawa, da EXP, su ga ranar da aka haɗa maganin su dawo da faɗa wai an sayar musu da lalatacce.

To maganar da ake turawa ɗin nan, ba ƙarya bace ɗungurungum, shiyasa take da wuyar kashewa. A Amurka sai a 1979 ne hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta wajabta buga ranar ƙarewa a jikin magani, kuma abinda ranar ke nufi shine kamfani ya gwada ya tabbatar har zuwa lokacin maganin na da cikakken ƙarfinsa, bayan nan kuma bai ɗauki alkawari ba. Ba wai ƙarfe sha biyun dare na bugawa ya koma guba ba. Sojojin Amurka da suka gaji da zubar da magungunan da suka tara na maƙudan kuɗi sai suka haɗa kai da FDA a 1986 aka fara gwada tsofaffin kayan kafin a zubar, kuma sakamakon da aka fitar a 2006 akan magunguna iri 122 ya nuna kashi 88 cikin ɗari na rukunan da aka gwada an iya ƙara musu wa'adi, a matsakaici wata 66, wato sama da shekara biyar. Akwai ma wani binciken na 2012 a Kalifoniya da aka samo magunguna a rufe cikin kwalabensu da suka wuce wa'adi da shekara 28 zuwa 40, cikin sinadarai 14 da aka auna 12 na nan da aƙalla kashi 90 na ƙarfinsu. Asfirin na cikin biyun da suka faɗi. Duk wannan gaskiya ne kuma na kai wa mai famasin maganar har kantarsa ina jin na zo da hujja.

Bai musa ba ko kaɗan, yace ya san binciken. Sai ya juya min bayan kwalin da ke hannuna yace karanta nan, an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, a wuri busasshe, nesa da hasken rana. Yace Malam tsakani da Allah ɗakinka a watan Afrilu digiri nawa ne? Kano fa tana haura 40 a bazara, shago mai rufin kwano ba silin kuwa cikinsa ya fi waje. Kayan sojan can a sito suke mai sanyi, ba'a taɓa buɗe su ba, kuma kowane rukuni sai an kai ɗakin gwaji an auna kafin a ƙara masa ko kwana ɗaya, kai kuma naka rabin kati ne a aljihun mota ko saman talabijin, waye ya auna maka? Ni dai a nawa ganin nan ne maganar ta tsaya, kwanan watan alkawari ne mai sharaɗi, kuma a ƙasarmu sharaɗin ne ake fara karyawa tun kafin ranar ta zo. Wato abinda ya kamata ya dame mu ba maganin da ya wuce da wata ɗaya a ɗaki mai sanyi bane kawai, har da wanda saura shekara guda a rubuce amma ya sha rana a faranti a tasha tun daga sallar azumi har babbar sallah. Hatsi ma wanda ke rumbu daban, wanda aka bari a fili damina ta same shi daban, ko da rana ɗaya aka girbe su.

Sannan ba duk magani ne ɗaya ba, wannan ne masu tura saƙon basa faɗa. Ƙwaya busasshiya a cikin katinta irin farasitamol tana da juriya, in ta ɗan rage ƙarfi iyakaci ciwon kai ya ƙi sauka. Amma akwai waɗanda raguwar ƙarfinsu rai ne. Insulin, ƙwayar ciwon zuciya da ake sawa ƙarƙashin harshe wato nitroglycerin, allurar adrenaline, maganin farfaɗiya, abin shaƙa na masu asma, allurar oxytocin da ake wa mai haihuwa don tsaida jini wadda zafi ke raunana ta, waɗannan ba'a caca da su. Haka antibayotik da maganin maleriya, in ƙarfinsu bai kai ba cutar bata mutu ba kuma ka koya mata yadda zata jure, yaro na kwance da zazzaɓi kai kana ganin ai ka bashi magani. Game da zama guba kuwa misalin da aka fi sani na tetracycline ne, a 1963 an samu rahoton mutanen da ƙodarsu ta taɓu bayan sun sha wanda ya lalace, ance tsohon haɗi ne an canza shi tuntuni, amma duk da haka in na ga kafsonsa nan ja da yalo a tire cikin rana gabana faɗuwa yake.

Wani abun da suke yi wanda ban taɓa gani a ƙananan kemis ba, in ka sayi maganin yara na gari da ake zuba wa ruwa irin amoxicillin, sai sun ɗauki biron maka sun rubuta a jikin kwalbar ranar da za'a zubar. Domin ranar da kamfani ya buga ta garin ce tun yana busasshe, da zarar ruwa ya shiga sati ɗaya ne, wani sati biyu, yana rubuce a takardar ciki wa ke karantawa. Iyaye mata da yawa ajiye ragowar suke sai yaro ya sake tari bayan wata biyu a ɗauko a girgiza a bashi. Maganin ɗigawa a ido shima yawanci sati huɗu ne bayan buɗewa saboda ƙwayoyin cuta na iya shiga kwalbar, insulin da aka fara amfani da shi mafi yawa kwana 28. Matata ce ta fi jin daɗin wannan rubutun, tace ko ba komai ya raba ta da gardama da kakar yara mai cewa zubar da magani almubazzaranci ne. Da na ce wa mai famasin unguwarmu wuta sai a hankali, firjinmu rabin yini a kashe yake, sai yace in sa insulin ɗin da ake amfani da shi a roba mai murfi da ruwa baya shiga in ajiye a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, kuma in daina sayen da yawa lokaci ɗaya, ya fi kyau ya zauna a firjinsu in dinga zuwa ina ɗauka. Nan ma cinikinsa ya rage da bakinsa.

Akwai kuma matsalar da ta fi duk wannan muni, masu goge tsohon kwanan wata su buga sabo. A farkon 2025 NAFDAC ta rufe manyan kasuwannin magani na Idumota a Legas da Onitsha da Aba, kuma cikin abubuwan da hukumar tace ta tarar har da magungunan da suka ƙare aka sake musu kwanan wata. Mu nan Kano ma ai a 2024 aka tayar da 'yan magani na Sabon Gari zuwa sabuwar cibiyar Dangwauro don a samu sa ido. Irin wannan kayan ko ka duba EXP ba abinda zai nuna maka. A famasin nan lasisin PCN, hukumar da ke kula da harkar famasi, na rataye a bango, kuma basa jin haushi in ka tsaya kana haɗa lambar rukuni da kwanan watan da ke jikin kwali da na jikin katin ciki, ko kana kankare wajen nan da aka rufe lamba a jikin kwali ka tura ta ta saƙon tes don tabbatar da ingancin maganin. Wani wajen kana fara juya kwali za'a ce Alhaji in baka saya ba bamu waje.

Yanzu aibinsu. Tsada dai na faɗa, kusan komai sai ka ga ɗari biyu ɗari uku a sama, maganin wata-wata kuwa bambancin har dubbai yake kaiwa, ga mai ƙaramin albashi wannan ba wasa bane, araha bata ado ance amma aljihu ma yana da haƙƙi. Basa ɓalle kati su sayar maka da ƙwaya biyu, sun ce in aka yanka kwanan watan na tafiya da rabi ɗaya ya bar ɗayan ba shaida, hujjar na da kyau amma wanda ɗari biyu ce a hannunsa da ciwon haƙori fita zai yi ya tafi wajen mai tire, to me aka gyara? Antibayotik kuma ba takardar likita ba zasu baka ba ko zaka kwana a wajen, wannan ni na yarda da shi amma yadda ɗaya daga cikin yaran ke faɗa wa mutane babu ladabi, dattijo sa'an babanka baka ce masa babu kawai ka juya kai. Bayan magariba layi ne sosai saboda mai famasin shi kaɗai ke bayani kuma baya gajartawa, in baya nan kuwa yaran sayarwa kawai suka iya, tambaya biyu zaka yi su ce ka jira Dakta.

Na kuma so ace suna karɓar tsofaffin magunguna daga hannun mutane su haɗa da nasu a lalata, yanzu nasu kawai suke tattarawa a kwali a bayan shago. Shawarar da mai famasin ya bani itace in ɓare ƙwayoyin in cakuɗa da ƙasa ko tokar murhu a leda in ɗaure kafin in jefa a shara, kwalin kuma in yayyaga, saboda akwai masu bin bola suna tsintar kwalaye masu kyau. Amma mutum nawa zasu zauna yin wannan, ai da kwando ɗaya suka aje a bakin ƙofa da ya fi.

Ranar Juma'a suna rufewa tun kafin azahar sai bayan la'asar, Lahadi kuma basa buɗewa da wuri, so in insulin ne kar ka bari sai kwalbar ta ƙare. Ka je da safe kafin rana ta ɗaga, ka taho da 'yar kula in kana da ita don ƙanƙarar ledar bata kai ka Hotoro a cikin adaidaita.